Sauya Na'urar Saita Jita da Bes: Me Ƙarin Daidaito Ke Gyarawa, Me Ba Ya Gyarawa?

"Malam, barka da aiki. Shekara huɗu ke nan ina kaɗa jita, kwanan nan kuma na ƙara da bes, wato jitar nan mai zurfin amo, mai tsirkiya biyar. Na'urar saitin da nake amfani da ita irin 'yar ƙaramar nan ce da ake maƙalawa a kan jita. Takan nuna mini kore a kowace tsirkiya, amma da na haɗa sauti sai in ji akwai tsami, a bes kuma tsirkiya mafi kauri sai allurar ta yi ta yawo ta ƙi tsayawa. Ina ganin ana tallar wasu na'urori da ake cewa kuskurensu bai wuce 0.1 ba, har da masu 0.02. Shin in na sayi irinsu matsalata za ta ƙare? Kuma wacce ta fi dacewa da mai kaɗa jita da bes duka?"

Barka kadai, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka da kyau, ƙorafi biyu ka kawo, sannan ka ɗora tambaya a kansu. Jitarka tana tsami alhali na'ura ta ce komai ya zauna, na'urar kuma ta kasa kama tsirkiyar bes mafi kauri, don haka kana so ka san ko lambobin nan da kamfanoni ke bugawa a jikin kwali su ne maganin duka biyun. Na raba ƙorafin biyu da gangan, domin asalinsu ba ɗaya ba ne. Matsalar bes ɗinka, a mafi yawan lokuta, sauya na'ura yana kashe ta nan take. Tsamin jita kuwa sau da yawa ba daga na'ura yake ba, kuma iyakar abin da na'ura mai kyau za ta yi maka shi ne ta nuna inda ciwon yake, gyaran kansa aikin hannu ne. Na daɗe ina gyaran jita da bes, ina kuma kaɗa bes a wajen naɗin sauti, saboda haka yawancin abin da zan faɗa maka daga kan teburin aiki ya fito.

Abin da lambobin ke nufi

Tsirkiya idan aka kaɗa ta karkarwa take yi, kuma yawan karkarwar da take yi a sakan ɗaya shi ne ke sa amonta ya yi sama ko ya yi ƙasa. Da Hz ake auna wannan. Ma'aunin da aka fi bi shi ne sautin A na tsakiyar fiyano ya zama 440 Hz, matsayar da aka cimma a wani taro a Landan a 1939, hukumar ma'aunai ta duniya, wato ISO, ta karɓe ta a 1955. Daga nan ake lissafa sauran. Tsirkiyar jita mafi kauri, wato E ta ƙasa, tana karkarwa sau 82.4 a sakan, mafi siranta kuma sau 329.6. Bes mai tsirkiya huɗu yana farawa daga 41.2, naka mai biyar kuwa tsirkiyarsa ta B tana can ƙasa a 30.9, ba ta da nisa da iyakar abin da kunnen ɗan Adam ke iya ji a matsayin sauti. Ka riƙe wannan lambar, domin a nan rabin damuwarka take.

Amma 0.1 da 0.02 da ka gani a talla ba Hz ba ne, sent ne, ma'aunin da wani Bature ɗan Ingila, Alexander Ellis, ya yaɗa a 1885. Tazarar da ke tsakanin firet ɗaya da na gabansa, wato ƙarafan nan da ke gicciye a wuyan jita, sent 100 ce, kuma daga buɗaɗɗiyar tsirkiya zuwa firet na 12, inda karkarwar ke ninkawa biyu, sent 1200 ne. Ke nan na'urar da ke alƙawarin 0.1 cewa take yi kuskurenta bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na tazarar firet guda ba. Kunnen yawancin mutane, idan aka kaɗa musu sauti biyu ɗaya bayan ɗaya, ba ya rabe su sai bambancin ya kai wajen sent biyar ko shida. Mai sauraro zai ce, to ina amfanin 0.1? Amfanin yana fitowa ne idan sautukan biyu suka tashi a tare, domin a nan kunne ba kwatantawa yake yi ba, rawar da ke tsakaninsu yake ji, irin "wuw-wuw-wuw" ɗin nan da ke tashi tana sauka. A ce na'urarka tana yarda da kuskuren sent uku, ta abokin kiɗanka ma haka, kai ka tsaya uku a sama shi ya tsaya uku a ƙasa, kowa kuma na ganin kore. A kan siririyar tsirkiyar E wannan sent shida zai ba da rawa kusan sau ɗaya a kowane sakan, kuma duk wanda ke ɗakin zai ji ta.

Akwai abin da masu talla ba sa bayyanawa. Kusan kowace na'urar saiti ta zamani, har mafi araha, tana ɗauke da ɗan ƙanƙanin dutsen ma'adini irin na agogon hannu mai batir, wanda da shi take ƙirga lokaci, kuma kuskuren wannan dutsen bai kai kusa da sent ɗaya ba. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Bambancin yana wuri biyu: yadda na'urar ke tsamo ainihin sautin daga cikin hayaniyar da ke shigo mata, da kuma faɗin ƙofar da ta buɗe kafin ta kunna koren fitila. Na'ura mai araha takan buɗe ƙofar da faɗi don allura ta tsaya da wuri mai ita ya ji daɗi. Kore a wurinta yana nufin "ka kusa", ba "ka iso" ba. Shi ya sa za ka iya murɗa makullin tsirkiya kaɗan, kunnenka ya ji sauti ya motsa, amma fitilar tana nan kore kamar ba a taɓa komai ba. Ka gwada wannan da taka yau. Shi ne gwaji mafi sauƙi na sanin faɗin ƙofarta.

Mai allura da mai sitirob

Na'urorin da ke kasuwa, ta fuskar yadda suke nuna sakamako, iri biyu ne. Mai allura, ko mai jerin fitilu da ke kwaikwayon allura, tana sauraron karkarwar na ɗan lokaci, ta fitar da matsakaici, sannan ta nuna maka. Kamfanin Korg ya fitar da irinta ta riƙewa a hannu, WT-10, a 1975, kamfanin Boss kuma ya fitar da ta takawa da ƙafa, TU-2, a 1998, wadda takardarta ke cewa kuskurenta sent uku ne, kafin magajiyarta TU-3 ta rage shi zuwa sent ɗaya. Tana da sauƙin karantawa, amma abin da take nuna maka ya riga ya wuce da ɗan ƙiftawar ido, kuma an riga an lallashe shi.

Sitirob ta girme ta nesa ba kusa ba, domin kamfanin Conn na Amurka ya fitar da Stroboconn tun 1936, kamfanin Peterson kuma ya shiga harkar a 1967 kuma har yau sunansa ake fara ambata. A asalinta faifai ne mai zane da ke juyawa da ƙayyadadden gudu, a bayansa akwai fitila da sautin tsirkiyarka ke sa ta walƙiya. Idan gudun walƙiyar ya yi daidai da gudun faifan, zanen sai ya yi kamar ya tsaya cik, kamar yadda tayar mota ke yi a bidiyo tana gudu amma ido na ganin ta a tsaye. Idan tsirkiya ta yi sama zanen ya riƙa zamewa ɓangare ɗaya, idan ta yi ƙasa ya zame ɗaya ɓangaren, kuma saurin zamewar shi ne girman kuskuren. Babu ƙofar kore a nan. Komai ƙanƙantar kuskure, idan ka jira, za ka ga zanen yana rarrafe. Na zamani ba su da faifai, a allo ko da zoben ƙananan fitilu suke yin aikin, kamar StroboStomp da StroboClip na Peterson masu 0.1, ko Turbo Tuner na Sonic Research da PolyTune 3 na TC Electronic da ke ambaton 0.02. A lura cewa ita PolyTune sai an juya ta zuwa fuskar sitirob take ba da wannan lamba; a fuskar allura rabin sent take alƙawari.

Ra'ayina a kan 0.1 da 0.02 ba shi da tsawo: a hannun ɗan Adam babu bambanci. Babu makullin jitar da za ka iya murɗawa da laushin da ya kai haka, kuma tsirkiyar kanta ba ta zama wuri ɗaya. Da ka kaɗa ta, musamman da ƙarfi, sautin yakan fara da hawa sama da 'yan sent, sannan ya sauko a hankali yayin da karkarwar ke lafawa. Ɗumin yatsa ma yana motsa ta, haka jingina wuyan jita da gwiwa. Tsallakawa daga sent uku zuwa ɗaya ana jin sa a kunne, daga ɗaya zuwa 0.1 ana ganin amfaninsa a teburin gyara, abin da ya wuce nan kuma gasar kamfanoni ce.

Dalilin da ya sa bes ke ba na'urarka wahala

Mu koma kan 30.9 ɗin nan. Na'ura tana bukatar ta ga karkarwa da dama kafin ta yanke hukunci. Siririyar tsirkiyar jita tana kammala karkarwa goma a cikin kashi uku cikin ɗari na sakan, tsirkiyar B ta bes kuwa sai ta ci kusan sulusin sakan kafin ta yi goman, kuma a cikin wannan lokacin sautin ya riga ya fara saukowa daga hawan farko. Sannan sent ɗaya a wannan zurfin bai kai kashi biyu cikin ɗari na Hz ɗaya ba, abin da ke bukatar awo mai tsananin kyau.

Na biyu, tsirkiya ba sauti ɗaya take fitarwa ba. Akwai uwar sauti, wato ainihin wanda kake nema, akwai kuma 'ya'yanta da ke tashi tare da ita a ninki biyu, ninki uku, ninki huɗu, har sama. A tsirkiya mai kauri uwar takan yi rauni, 'ya'yan su fi ta ƙara, kuma saboda taurin ƙarfen 'ya'yan sukan ɗan haura inda lissafi ya ajiye su. Na'ura mai rauni sai ta rikice, yanzu ta kama uwa, an jima ta kama ɗa, shi ya sa kake ganin tana rubuta B, ta koma F mai alamar ɗagawa, ta dawo. Na uku shi ne ita na'urar maƙalawa ba ta jin sauti ta wayar da ake sakawa a jikin bes, girgizar katakon kan bes take ji, kuma kan bes bai cika amsa sauti mai zurfi haka ba. Ga shi kuma tana jin duk abin da ke girgiza katakon, har da gangar da ake bugawa kusa da kai da amon amfilifayar abokinka.

Kafin ka kashe kuɗi, akwai dabarun da nake amfani da su kullum, kuma ko ka sayi sabuwa za su yi maka amfani. Ka ɗora yatsa a hankali a kan tsirkiyar daidai saman firet na 12 ba tare da ka danna ba, ka kaɗa, ka ɗage yatsan. Sautin da zai fito ninki biyu ne na buɗaɗɗiyar tsirkiya, mai tsabta, kuma kusan kowace na'ura tana kama shi. Ka kaɗa da tsokar babban yatsa wajen ƙarshen wuya maimakon kusa da jaki, wato inda tsirkiyoyin ke zaune a jikin bes, ka danne sauran tsirkiyoyin da tafin hannu don kada su amsa. Idan ta waya kake haɗawa, ka zaɓi maganaɗisun ɗaukar sauti da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi kusa da wuya, ka rage makunnin kaifin sauti. Ka kuma duba batir, domin 'yar ƙwayar batir ɗin na'urar maƙalawa idan ta fara mutuwa, a tsirkiya mai kauri ake fara ganin alamar. Idan duk ka yi wannan allurar ba ta natsu ba, to lallai na'urar ta kai iyakarta, kuma mai bes mai tsirkiya biyar yana da cikakkiyar hujjar komawa ga wadda ake haɗawa da waya.

Tsamin jita

Nan ne nake so ka ba ni hankalinka sosai, domin ruwa ba ya tsami banza, kuma a nan mutane suka fi yin asarar kuɗi. Akwai wani matashi da ya taɓa kawo mini jitarsa tare da sabuwar sitirob ɗin da ya saya, ransa a ɓace, yana cewa an sayar masa da lalatacciya domin zanenta ba ya tsayawa. Na karɓi jitar na murɗa makullin tsirkiyar G. Sau biyu ina murɗawa zanen bai motsa ba, a na uku sai muka ji "ƙyas" daga wajen kan jitar, zanen ya zabura ya wuce. Tsirkiyar tana maƙalewa ne a cikin tsagar ɗan farin abin nan da ke bakin wuya, wanda masu gyara ke kira nat, sai ta tara ƙarfi sannan ta kuɓuce gaba ɗaya. Tsohuwar na'urarsa ta shekara tana ɓoye masa wannan a cikin faɗin korenta. Na sassauta tsirkiyar, na goge tsagar, na goga mata bakin fensir har ta yi baƙi, na mayar. Daga nan zanen ya fara bin hannuna kamar an ɗaure su da zare. Sai na danna firet na 12, sai ga shi ya haura da kusan sent goma. Na'urar lafiyarta ƙalau, jitar ce ba a taɓa saita tsawon tsirkiyoyinta ba tun da ta bar masana'anta.

Wannan saitin tsawon shi ne babban aikin da ke bukatar na'ura mai tsananin daidaito. Na'urarka buɗaɗɗiyar tsirkiya kawai kake ba ta ta auna, alhali kiɗa a kan firet ake yin sa. Duk lokacin da ka danna tsirkiya kana ɗan miƙe ta, sautin ya ɗan hau, don haka ake ja da mazaunin kowace tsirkiya a kan jaki baya kaɗan don a rama. Yadda ake dubawa shi ne a saita buɗaɗɗiyar tsirkiya, sannan a danna firet na 12 da irin ƙarfin da aka saba kiɗa da shi. Idan ya haura, a ja mazaunin baya, nesa da wuya, don tsirkiyar ta ƙara tsawo. Idan ya gaza, a matso da shi gaba. Bayan kowane juyi na sukudireba sai an sake saita buɗaɗɗiyar kafin a sake aunawa. Idan ka yi wannan da na'ura mai kuskuren sent uku, za ka iya yin kuskure a buɗaɗɗiya, ka sake yin wani a firet na 12, su haɗu su zama shida, kuma wannan kuskuren ya zauna a jikin jitar har ranar da wani zai sake kwance ta. Ana yin aikin da sababbin tsirkiyoyi da aka riga aka miƙe, jitar kuma tana riƙe yadda ake kaɗa ta, ba a kwance a kan tebur ba, domin nauyin wuyan kansa yana sauya awon. A jita mara lantarki mazaunin guda ɗaya ne na ƙashi ko roba, sai an fere shi, wannan kuma aikin mai gyara ne.

Idan tsamin ya fi yawa a firet uku na farko, inda mafi yawan haɗe-haɗen sauti na masu koyo suke, to a fara zargin nat ya yi tsayi, domin yatsa sai ya ja tsirkiyar da nisa kafin ta taɓa ƙarfe. Matsa yatsa da ƙarfi fiye da kima yana yin haka, musamman a kan firet masu tsayi da tsirkiyoyi marasa kauri. Tsofaffin tsirkiyoyi da suka ci tsatsa da gumi ba sa karkarwa daidai, babu kuma na'urar da za ta shirya su. A jitar lantarki, maganaɗisu idan ya matso kusa da tsirkiya sosai yakan ja ta har sautin ya riƙa rawa shi kaɗai. Sannan a koyaushe daga ƙasa ake hawowa zuwa sauti: idan ka wuce, ka sassauta ka sauka ƙasa da shi, ka sake hawowa, don kada sako-sako ya rage a makulli.

Akwai kuma wani tsamin da ba laifin kowa ba ne. An jera firet ɗin jita bisa tsarin da ya raba tazarar ninki biyu gida goma sha biyu daidai wa daida, don a iya kiɗa a kowane mataki. Farashin wannan sauƙi shi ne wasu haɗe-haɗen ba su faɗa daidai inda kunne ya fi so ba. Tazarar firet bakwai ta gaza ta halitta da sent biyu kacal, ba mai damuwa da ita, amma tazarar firet huɗu, wadda ke cikin kowane haɗin sauti mai fara'a, ta haura ta halitta da kusan sent 14. Shi ya sa idan ka kama haɗin E, sautin da ke firet na farko a tsirkiyar G yakan yi maka kamar ya yi sama, in ka sassauta shi har ya yi daɗi, da ka koma haɗin C ko G sai ya lalace. Jita mafi tsada a duniya, da na'ura mafi daidaito, ba su tsira daga wannan ba. Peterson yana saka wasu shiryayyun saituka a na'urorinsa da ke ɗan karkatar da kowace tsirkiya da 'yan sent don a raba tsamin, wasu makaɗa suna son su ƙwarai. Ni ina amfani da su idan jita ce ita kaɗai, amma idan akwai kibod a kiɗan nakan koma saitin gama-gari. Af, tsohuwar dabarar nan ta gwama sautin saman firet na 5 da na 7 tsakanin tsirkiyoyi biyu ita ma tana shigo da kuskuren sent biyu a kowane mataki, kafin ka kai tsirkiyar G ya taru ya kai wajen shida, don haka kada ka yi amfani da ita wajen ƙaryata na'ura.

Wacce za ka ɗauka

Tun da kana kaɗa bes mai tsirkiya biyar, kuma ina ɗauka jitarka ma tana da wurin saka waya, shawarata ita ce na'urar takawa da ƙafa wadda ke gane dukkan sautuka goma sha biyu, takardarta kuma ta nuna tana sauka ƙasa da 30 Hz. Ribarta ba daidaito kawai ba ne. Sauti ta waya yake zuwa mata, hayaniyar ɗaki ba ta shafe ta, kuma da ka taka ta takan yanke sautin da ke zuwa amfilifaya, ka yi saitinka shiru, ka ma sauya daga jita zuwa bes ba tare da ƙarar cire waya ba. A kan dandamali abin da ya fi muhimmanci shi ne ta kama sauti da sauri kuma ka iya karanta fuskarta kana tsaye, a cikin duhu ko a hasken rana. Don wannan aikin sent ɗaya irin na TU-3 ya wadatar, kuma akwai dalilin da ya sa ake ganin ta a gaban makaɗa da yawa. Idan kuwa kana da niyyar saita tsawon tsirkiyoyinka da kanka, ko kana naɗin sauti inda ake jera jita a kan jita, to ka ɗauki mai fuskar sitirob. Wadda ke da fuska biyu, allura don gaggawa da sitirob don aikin natsuwa, ita ce ta fi dacewa da mutum ɗaya mai kayan kiɗa biyu.

Game da masu nuna tsirkiyoyi shida a lokaci guda, waɗanda PolyTune ta fara kawowa a 2010, ina ganin amfaninsu shi ne leƙawa tsakanin waƙa da waƙa don a gane wacce ta zame, amma ainihin saitin ɗaya bayan ɗaya nake yin sa. Za ka kuma ga ana maganar ko na'urar tana barin sauti ya wuce kai tsaye idan an kashe ta, ko tana ƙarfafa shi da abin da ake kira bafa. Idan wayoyinka dogaye ne bafa tana hana kaifin sauti dushewa, idan gajeru ne ba za ka ji wani bambanci ba, kuma wasu na'urorin suna ba ka zaɓin duka biyun. Idan jitarka ba ta da wurin waya, akwai na maƙalawa masu sitirob da suka fi taka nesa, sai dai ka riƙa cire ta bayan saiti, domin robar bakinta tana iya barin tabo a wasu nau'o'in fenti. Manhajar wayar salula lissafinta ba shi da laifi a ɗaki mai shiru, amma makirufon waya bai cika jin zurfin bes ba.

Ranar da sabuwar ta zo, abu na farko shi ne ka duba cewa tana kan 440, domin maɓallin sauya wannan lamba yana da saurin dannuwa a cikin jaka, kuma matsawa zuwa 441 kaɗai kusan sent huɗu ne. Idan kuna kiɗa a ƙungiya, ku tabbatar kowa yana kan lamba ɗaya. Kada kuma ka tsorata idan ka ga zanen sitirob bai tsaya cik ba. Idan yana rarrafe a hankali ƙwarai, ka riga ka fi koren tsohuwar na'urarka daidaito. Ka riƙa kaɗa tsirkiyar da irin ƙarfin da za ka yi kiɗan da shi, kana maimaitawa duk bayan sakan ɗaya ko biyu. Mai kiɗa da sauri da ƙarfi ya saita farkon sautin, mai barin sauti ya yi tsawo ya saita inda ya lafa.

Iyakar abin da zan iya yi daga nesa ke nan, domin ban riƙe jitarka ba, ban ji ta ba, kuma tsamin da ka kwatanta zai iya fitowa daga nat, ko jaki, ko lanƙwasar wuya, ko yatsunka, kowanne da maganinsa daban. Lambobin daidaito da na ambata kuma na kamfanonin ne, ni da kunne da gwama na'ura da na'ura nake aiki, ba da ɗakin gwaji ba. Don haka kafin ka sayi komai, ka ari mai sitirob na rabin sa'a, ka saka sababbin tsirkiyoyi, ka auna kowacce a buɗe, a firet na 1, na 3 da na 12, ka rubuta abin da ka gani. Idan buɗaɗɗun ne suka kauce alhali tsohuwar na'urarka na nuna kore, laifin nata ne. Idan buɗaɗɗun sun zauna amma na kan firet sun haura, ka fara kai jitar wurin mai gyara, bes ɗin kuma ka nemo masa ta takawa.